Iya allura daban, iya koyar da ita daban

Minti goma aka ba ni, na gama a minti uku. Har yau in na tuna ranar da na fara tsayawa gaban aji sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A lokacin shekarata goma sha ɗaya ina aikin jinya, bakwai daga ciki a ɗakin haihuwa, na karɓi haihuwa da fitilar waya an ɗauke wuta janareta ba mai, na sa kanula a hannun matar da jini ya ƙare mata jijiya duk ta ɓuya, to ni a ganina meye abin wuya a tsayawa gaban mutum ashirin ka yi musu surutu? Darasin gwajin koyarwa ne a ajinmu na PGDE, wato diflomar koyon aikin malanta ta bayan digiri, kowa zai ɗauko abu ɗaya ƙarami daga fanninsa ya koyar da sauran 'yan aji, kuma 'yan ajin nan ba ma'aikatan lafiya ba ne, akwai wanda ya karanta akanta, akwai mai labarin ƙasa, akwai malaman Islamiyya biyu, mu nas-nas mu uku ne kacal. Na ce bari in ɗauki abin da ko daga barci aka tashe ni zan yi, lissafin ɗigon ƙarin ruwa. Na miƙe da ƙarfin gwiwata na rubuta a allo, leda mai mil 500, likita ya ce ta shiga a awa huɗu, ɗigo nawa a minti ɗaya? Na juyo na ce ɗigo 42, na ɗan yi bayanin yadda ake murza ɗan tayan nan na jikin robar, na ajiye alli ina jiran tafi.

Malaminmu wani dattijo ne mai sanyin magana, ya ce "Sista, kin gama?" Na ce "Na gama Malam." Sai ya juya wurin mai akanta ya ce "To Malam, ga leda mai mil 1000, awa shida, ɗigo nawa?" Bawan Allahn nan da lissafi ne abincinsa ya yi tsuru-tsuru, ya ce shi fa bai ma ga inda 42 ɗin ta fito ba. Ashe ban faɗa musu cewa robar manya da muka fi amfani da ita ɗigo 20 ne ke yin mil ɗaya ba, ban ce a mayar da awa zuwa minti ba, ban ce a ninka 500 sau 20 a raba da 240 ba. Duk yana kaina, ya daɗe da bin jikina har na manta akwai ranar da ni ma ban sani ba. Dattijon ya ce "Sista kin nuna mana kin iya. Mu kuwa ba kallon gwaninta muka zo ba." Aji ya kwashe da dariya, ni ma na yi yaƙe, amma daren nan ban yi barcin kirki ba.

Abin da ya hana ni barci ba dariyar ba ce. Ɗalibai na tuna, waɗanda ake turo mana wod daga makarantar jinya da fararen kayansu suna raɓe-raɓe a bango. Nawa na daka wa tsawa na ce "me ake koya muku a makarantar ne wai?" Nawa na karɓe sirinji daga hannunsu na ce matsa ki ga, na yi abin cikin daƙiƙa biyar na wuce, ita kuma ba abin da ta gani sai bayan hannuna. Wallahi ni a tunanina koyarwa nake yi. Hajiya metiron ɗinmu ma da ta tura ni wannan karatun cewa ta yi "ke kin iya da yara, je ki ki zama malama," ashe dai ta ga ina da baki ne kawai.

Tunda na sa hoton katin makaranta a status mutane ke biyo ni suna tambaya wai ta ina ake bi a zama malamin jinya, to bari in ɗan warware yadda na sani. Da can hanyar ita ce nas ko ungozoma mai rajista, in ta yi wasu shekaru tana aiki, sai a tura ta kwas na malaman jinya, akwai irin wannan a asibitin koyarwa na Ibadan, akwai a Kaduna Polytechnic, manyan malamanmu da yawa na Arewa ta nan suka bi. Digirin jinya na farko a ƙasar nan ma, wanda Jami'ar Ibadan ta fara a 1965, don wannan aka yi shi, a ɗauko nas ɗin da ta riga ta ƙware a mayar da ita malama ko shugabar ma'aikata, daga baya ne a 1973 Jami'ar Ife ta fara ɗaukar ɗalibai kai tsaye daga sakandare. Yanzu abin da yawancinmu ke yi shi ne digirin jinya, wato BNSc, tukuna, ko na shekara biyar daga tushe ko ka shiga da takardarka ta RN, wato ta nas mai rajista, sannan ka ɗora takardar koyarwa a kai, wato PGDE ko diflomar da aka keɓe wa koyar da jinya, da ita ne Kansul, ina nufin NMCN, hukumar da ke kula da aikin nas da ungozoma a ƙasar nan, za ta yi maka rajista a matsayin malamin jinya. PGDE kam ba wuyar samu, NTI ta Kaduna na yi, NOUN na yi, jami'o'i da yawa na yi. Amma dan Allah kafin ka biya ko sisi ka tabbatar Kansul ta amince da takardar da za a ba ka, ka tambaye su da kanka kar ka bi ta-ci-barkatai a guruf ɗin WhatsApp, ƙa'idojin nan suna canzawa.

Daga nan sai mastas, wanda nake ciki yanzu tsamo-tsamo. Tunda aka mayar da makarantun jinya kwalejoji masu ba da ND da HND ƙarƙashin NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha, ɗalibai suna shigowa ta JAMB, malamin da ya tsaya a digirin farko ya san akwai inda ƙarin girma zai tsaya masa, in kuma jami'a kake hari irin ABU Zariya ko BUK ko Danfodiyo ta Sakkwato ko ta Maiduguri, duk suna da sashen jinya, to ba ma a maganar mastas, digirin digirgir za a tambaye ka wata rana.

To me ake koya a ciki da har ya cancanci wannan wahalar? Gaskiya samistar farko na raina abin. Tarihin ilimi, falsafar ilimi, ilimin halayyar ɗan Adam, ina zaune ina hamma ina cewa ni da na bar mata suna naƙuda na zo nan ana ba ni labarin Girkawa. Wasu darussan har yau ban ga ranarsu ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma akwai waɗanda suka juya min kai gaba ɗaya, na farkonsu shi ne rubuta manufar darasi. Abu kamar wasa. Ka rubuta abin da ɗalibi zai iya YI in an tashi, ba abin da kai za ka faɗa ba. Na rubuta "ɗalibai za su fahimci jijjigar masu ciki," aka dawo min da takardar an ja jan biro ƙarƙashin "fahimci", aka rubuta a gefe, da wane ma'auni za ki auna fahimta? Sai da na mayar da shi, ɗaliba za ta lissafo alamomin haɗari, za ta zuƙo maganiziyam salfet daidai, giram 4 ta jijiya a hankali, giram 5 a kowane ɗuwawu, za ta faɗi abin da ake dubawa kafin a ƙara wani, numfashi da fitsari da harbin gwiwa. Kun ga wannan ana iya tsayawa a kanta a gani ta yi ko ba ta yi ba. Daga ranar na gane cewa rabin laccocin da aka yi mana muna ɗalibai karatun littafi ne da ƙarfi, malama na karantawa muna kwafa, hannu ya gaji a ce an yi darasi.

Akwai wani zanen dala da wani likita ɗan Amurka, George Miller, ya fitar a 1990, hawa huɗu ne, a ƙasa mutum ya sani, sama da shi ya san yadda ake yi, sannan ya nuna a gabanka, can ƙololuwa kuma yana yi da kansa a bakin aiki ba wanda ke kallonsa. Jarrabawar takarda hawa biyun ƙasa kawai take iya taɓowa. Shi ya sa aka kawo OSCE, jarrabawar nuna aiki da hannu, wadda aka faro a Dundee ta Sikotilan a shekarun 1970 kuma yanzu Kansul ke amfani da ita, ɗalibi na zagaya tasha-tasha ana kaɗa ƙararrawa, a nan ya wanke hannu ya sa safa, a can ya gwada hawan jini, mai dubawa na riƙe da takarda yana sa maki a kan kowane mataki. Ina wod ina jin ɗalibai na kuka da ita na ɗauka mugunta ce kawai, sai da aka sa ni na tsara tasha ɗaya da kaina, kwana uku ina fama da takardar makin saka robar fitsari, mataki nawa ne, wanne ne in an tsallake shi an faɗi ko da an yi sauran daidai, nan na san ba ƙaramin aiki ba ne. Haka tsara tambayoyin zaɓi ɗaya cikin huɗu, ashe amsoshin ƙaryar su suka fi wuyar rubutawa, dole su yi kama da gaskiya ga wanda bai yi karatu ba amma kar su rikita wanda ya yi. Na farkon da na rubuta ko mai gadi zai ci, amsar gaskiyar ita ce mafi tsawo a kowace tambaya.

Wadda ta fi taɓa ni dai ita ce Patricia Benner, nas ce ita ma, a 1984 ta kasa ma'aikatan jinya hawa biyar daga ɗan koyo zuwa gwani, ta ce gwani ba ya bin ƙa'ida ɗaya bayan ɗaya, kallo ɗaya yake wa maras lafiya ya san akwai matsala kafin ma ya san dalili. Duk wanda ya daɗe a wod ya san wannan, ka shigo ka kalli fuskar mai jego ka ce a duba min ƙunzugun matar can, a duba a ga jini ya jiƙe katifa. To amma ɗan koyo ba shi da wannan idon, matakala yake so hawa-hawa, kuma gwanin ya riga ya manta matakalar da ya taka. Abin da ya same ni ranar ɗigo 42 kenan. Aikin malamin jinya shi ne ya koma ya tono abin da hannunsa ke yi ba tare da shawara da shi ba, ya warware shi zare-zare.

Wahalar karatun kuwa kar ma a tona. Hutun karatu da albashi sai da na yi shekara biyu ina bin fayil ofis-ofis, ƙarshe na haƙura na haɗa da aiki, in sauka daga dutin dare ƙarfe takwas na safe in watsa ruwa in kama mota, lacca ƙarfe goma, wani lokacin ka iso a ce malam ya yi tafiya. Maigidana Allah Ya saka masa, shi ke kai yara makaranta, amma shi ma akwai ranar da ya ce "wai wannan karatun naki yana da ƙarshe kuwa?" Kuɗin makaranta adashi ne ya biya, kwamfutar hannu ta ƙanina ce. Darasin ƙididdiga da manhajar kwamfuta ta SPSS ya kusa sa ni kuka a gaban yara ƙanana sa'o'in ƙannena, su suna danna abu fit-fit ni ina neman inda kibiyar ta shige. Sufabaiza kuma in ka kai babi na biyu sai ya yi wata biyu a jakarsa, ranar da zai dawo maka da shi ya ce duk madogaran sun tsufa a nemo na shekara biyar ɗin nan. Ban ga laifinsa sosai ba da na ƙirga mu nawa ne a hannunsa shi kaɗai.

Kuma wannan ƙarancin shi ne asalin maganar. Kowa na ta batun nas-nas da ke tsallakawa Ingila da Amurka da Saudiyya, magatakardan Kansul da bakinsa ya faɗa a farkon 2024 cewa sama da 15,000 sun fita a 2023 kaɗai, lokacin da aka yi ta rigima kan sharaɗin sai ka yi shekara biyu kana aiki kafin a tantance maka takardu. Gwamnati ta ce maganin abin a ƙara yawan ɗaliban da ake ɗauka, an kuwa ƙara, kwalejoji masu zaman kansu kuma sai tsirowa suke kamar naman kaza a kowane gari. Madalla. To wa zai koyar da su? Ɗaki ana gina shi a wata shida, gadon gwaji da 'yar tsanar roba ana sayowa a kwana ɗaya, amma malamin jinya fa sai ka haɗa shekarun digiri da na wod da na takardar koyarwa, ka ga shekara goma ta tafi. Kuma waɗanda ake ɗauka a waje ai ƙwararrun ne, su ɗin da ya kamata su tsaya gaban allo. A Arewa abin ya fi ciwo ta wajen mata, don akwai iyayen da ba za su bar 'yarsu ta je makarantar kwana ta karanta ungozoma ba sai sun ga mata ne ke koyarwa. Shirin nan na Women for Health da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2012, a Kano da Jigawa da Katsina da Zamfara da Yobe, da ya ɗauko 'yan matan karkara yana shirya su shiga makarantun lafiya, sai da ya haɗa da horar da malamai, don in babu isassun malamai Kansul ba za ta ba makaranta izinin ƙara ɗalibai ba.

Akwai abin da ba a son faɗa kuma zan faɗa. Da yawanmu ba son koyarwa ne ya kawo mu ba, gudun dutin dare ne. Ni ma yana ciki, ba zan wanke kaina ba, bayan shekara goma sha ɗaya bayana ya fara ciwo, ina so in yi sallar asuba a gidana. Ba laifi ba ne. Inda laifin yake shi ne mutum ya shiga ofis ya rufe ƙofa, shekara takwas bai taɓa maras lafiya ba, yana koyarwa da takardun da shi ma aka karanta masa, ɗalibai su je wod a ce musu "wannan na makaranta ne, nan ga yadda muke yi." Hannu yana sanyi fa. Ni wata bakwai kawai na yi ban karɓi haihuwa ba lokacin aikin koyarwa na gwaji, ranar da na koma sai da na ji gabana na faɗuwa kamar sabuwar ɗaliba.

Kuma ilimin kansa ba ya tsayawa ya jira ka. Mu an koya mana zubar jini bayan haihuwa shi ne mil 500, ka kimanta da ido, ka ba da magani ɗaya ka jira, in bai tsaya ba ka gwada na gaba. Sai ga binciken E-MOTIVE da aka fitar a 2023, an yi shi a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta BUK ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya, suka nuna in aka shimfiɗa leda mai ma'auni tana tara jinin a gani ƙuru-ƙuru, kuma aka haɗa matakan gaba ɗaya a lokaci guda, murza mahaifa da allurar tsuke ta da maganin tsayar da jini da ƙarin ruwa da dubawa, mummunar zubar jini na raguwa da kusan kashi 60 cikin ɗari. A ƙofar gidanmu aka yi wannan aikin. Malamar da rabonta da ɗakin haihuwa tun kafin nan, kuma ba ta karanta komai sai tsohon littafinta, me za ta koya wa yaran da za su je ƙauye su kaɗai ba likita? Wannan ne amfanin mastas da na gani da idona, ba takardar ba, ya koya min in buɗe rahoton bincike in karanta in gane mutum nawa aka gwada, ta yaya, kuma ko ya shafe mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma da ta fitar da ƙwarewa takwas da ake so malamin jinya ya mallaka a 2016, aikin jinyar kansa na ciki, bincike na ciki, ba tsara manhaja kawai ba.

Shi ya sa na roƙi Hajiya metiron ta bar min Asabar biyu a wata a ɗakin haihuwa ko bayan na koma kwaleji gaba ɗaya. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce "'yar nan, kowa haka yake cewa, wata uku ba na ƙara ganinsa." Na ce ta rubuta sunana a rosta da biro ba fensir ba.

Furojet ɗina a kan harshe nake yi, don abin ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Muna koyar da yara da Turanci, su rubuta jarrabawa da Turanci, su ci, sannan su tsaya gaban tsohuwar da ta kawo surukarta daga ƙauye su kasa yi mata bayanin me ya sa za a yi tiyata. Na sa wata ɗalibata mai ƙoƙari sosai, wadda ke zuwa ta ɗaya, ta yi min bayanin hawan jinin masu ciki da Hausa kamar ni ce mai awon, ta fara tiryan-tiryan, kafin ta kai jimla ta uku ta koma Turanci, ta tsaya ta rufe baki tana dariya ta ce "Malama wallahi ban san yadda ake faɗa ba." Bahaushiya ce fa gaba da baya. Na ce to zauna, ni ma sai da na yi shekaru a wod ina satar kalmomi a bakin masu shara da tsofaffin ungozomomi kafin na iya. Yanzu kowace Laraba minti ashirin na ƙarshen darasi Hausa zalla muke yi, ɗaya ta zama maras lafiya ɗaya ta zama nas, sauran su kama duk wadda ta saki Turanci, hayaniyar har ajin kusa sun kawo ƙara sau biyu.

Babi na huɗu na nan a jakata tun makon jiya da jan biro a kowane shafi, an ce teburorin ba su yi ba a sake. Gobe Asabar kuma sunana na rosta, dutin safe, kuma ɗalibai uku za su biyo ni, na riga na yi wa kaina alkawari hannuna na cikin aljihu sai dai in jini na gani.